ALAMOMIN HATSARI GA MAI JEGO: WAJIBCIN SANINSU DA KOYAR DA SU

Matanin laccar da aka gabatar ga malaman makarantun Islamiyya na matan aure da 'yan agaji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya halicci ɗan Adam a cikin mahaifa, Ya fito da shi duniya yana mai rauni, kuma Ya sanya tausayinsa a zuciyar wadda ta ɗauke shi. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya sa muka zaɓi wannan maudu'i shi ne wani al'amari da ya faru a unguwarmu, wanda har yanzu bai bar zukatanmu ba. Wata yarinya 'yar shekara goma sha tara ta yi haihuwar fari a gida lafiya lau, aka yi ta shigowa barka. A rana ta huɗu ta ce kanta yana sara, kuma tana ganin duhu-duhu. Aka ce mata rashin barci ne, duk mai jego haka take ji. Kunya ta hana ta sake faɗa. A daren kwana na biyar ta kama jijjiga, sai aka ce iska ce ta taɓa ta, aka ɗauko garwashi aka yi ta hayaƙi. Mijinta ya yi tafiya, kuma a cikin gidan babu wanda ya iya yanke shawarar a fita da ita ba da izininsa ba. Da aka yi sallar asuba aka samo mota, amma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ragon suna yana ɗaure a tsakar gida, ranar da aka shirya taron suna ita ce ta koma ranar karɓar gaisuwa. Allah Ya jiƙanta Ya gafarta mata.

Mun yi imani cewa ajali ba ya gaggawa kuma ba ya jinkiri. Amma kuma mun sani za a tambaye mu game da abin da aka ba mu ikon yi muka bari. Duk mutanen gidan nan masu ƙaunarta ne, abin da suka rasa shi ne sanin cewa ciwon kai da duhun gani ga mai jego kira ne na gaggawa.

GIRMAN AL'AMARIN

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu a Nijeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Da yawa daga cikin waɗannan mata sun rasu ne bayan sun riga sun sauka, a lokacin da hankalin kowa ya kwanta ya koma kan jariri. Masana lafiya suna lissafa mutuwar mace cikin kwana 42 bayan haihuwa a matsayin mutuwa ta dalilin haihuwa, kuma wannan adadi ya yi kusa da kwana arba'in ɗin da muka sani na jego. Kwanan farko da makon farko su ne suka fi hatsari.

A shekarar 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana cewa jinkiri iri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman magani, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na uku haƙƙi ne a kan hukuma, kuma ba za mu daina tunatar da ita ba. Amma na farko a cikin ɗakunanmu yake faruwa, kuma ilimi ne maganinsa.

MATSAYIN SHARI'A

Malaman usulu, irin su Imam al-Gazali wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira da Imam ash-Shaɗibi wanda ya rasu a shekara ta 790, sun bayyana cewa kiyaye rai yana cikin manyan larurori biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare su. Abin da kuwa wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ke nan sanin alamomin da ke nuna rai yana cikin hatsari ya zama wajibi a kan wanda aka ɗora wa amanar mai jego.

Akwai rashin fahimta guda uku da ya kamata mu kawar. Na farko, wasu sun ɗauka duk jinin da ya zubo bayan haihuwa jinin biƙi ne, dauɗa ce da ya kamata ta fita. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan nifasi ne ta fuskar ibada: Malikiyya da Shafi'iyya suka ce mafi tsawonsa kwana sittin, Hanafiyya da Hanabila suka ce kwana arba'in, kuma duk lokacin da ya ɗauke sai mace ta yi wanka ta ci gaba da salla. Babu malamin da ya ce a zauna a zuba wa mace ido jini yana kwarara daga jikinta. Haka nan zaman arba'in al'ada ce ta hutu, ba hukunci ne da ya hana fita neman magani ba.

Na biyu, ya tabbata a Sunna cewa matar da ta rasu ta dalilin haihuwa tana cikin masu samun ladan shahada. Wannan bushara ce gare ta da lallashi ga iyalanta. Ba ta wanke wanda ya yi sakaci da ita ba, kamar yadda shahadar wanda gini ya faɗa wa ba ta wanke maginin da ya yi ha'inci.

Na uku, wasu suna ganin gaggawar zuwa asibiti raunin tawakkali ne. Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi ƙasar Sham, da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a, kuma babu wanda ya fi shi sanin ƙaddara a cikinmu. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Idan kuma ba a sami likita mace ba, lalura ta halatta namiji ya duba mace gwargwadon buƙata.

ALAMOMIN DA ZA A KOYAR

Alama ta farko, zubar jini. Wannan shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma yana iya gamawa da mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu. Ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne rabin lita cikin awa 24, wato kwatankwacin ledar ruwan sha guda ɗaya ta kasuwa. A gida ga yadda za a gane: idan ƙunzugu yana jiƙewa sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya, ko jini ya ratsa zane ya kai shimfiɗa, ko gudaji masu girman ƙwai suna fitowa, ko tana jin jiri, zuciyarta na bugawa da sauri, jikinta ya yi sanyi da gumi, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari. Mafi yawan lokaci sababin shi ne mahaifa ta kasa tsukewa bayan haihuwa. Wani lokaci kuma mabiyiya ce ko wani yankinta ya maƙale, ko an sami ƙari. Idan mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, a kama hanya, kada a ja cibiya da ƙarfi. Kafin mota ta zo a murza mata ƙasan cibiya har a ji mahaifa ta yi tauri, a taimaka mata ta yi fitsari, a sa jariri a nono, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, a lulluɓe ta. A asibiti akwai allurar oksitosin da ƙwayar misofurostol masu tsuke mahaifa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa da asibitocin Nijeriya, ya nuna cewa allurar turaneksamik asid tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya bisa uku idan an yi ta cikin awa uku da haihuwa. Bayan haka amfaninta yana gushewa. Ku dubi yadda awa uku kacal take da muhimmanci. Haka nan jinin da ya ragu sannan ya dawo da ƙarfi bayan mako ɗaya ko biyu, shi ma abin kai wa asibiti ne.

Alama ta biyu, ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin magani, da duhun gani ko ganin walƙiya, da ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, da kumburin fuska da hannuwa. Waɗannan su ne 'yan aiken hawan jinin haihuwa, wanda ƙarshensa shi ne jijjiga ko taune-taune. Mutane da yawa sun ɗauka mai ciki kaɗai yake kamawa, alhali yana zuwa bayan haihuwa, har ga wadda ba ta taɓa yin hawan jini ba. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90 akwai matsala, idan ya kai 160 bisa 110 gaggawa ce. Idan jijjiga ta kama ta, a kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata rauni, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo, kada a yi mata hayaƙi. Akwai allurar magnesiyum salfet mai tsayar da wannan jijjiga da izinin Allah. Wanda yake son yin ruƙya ya yi ta a cikin mota ana tafiya.

Alama ta uku, zazzaɓi da rawar ɗari, da ciwon mara mai ƙaruwa, da fitar ruwa mai wari. Wannan yana nuna ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa, kuma idan suka kai ga jini suna kisa cikin 'yan kwanaki. Zafin jiki da ya kai digiri 38 ga mai jego ba a yanke masa hukuncin cewa zazzaɓin cizon sauro ne ko zuwan ruwan nono sai an gwada. Wadda aka yi wa aiki ko ɗinki, ta lura da wurin: idan ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya, ta koma. Haka nan nonon da ya yi ja da tauri da zafi. A shekarar 1847 wani likita mai suna Semmelweis a birnin Biyana ya tilasta wa likitoci wanke hannu kafin su taɓa masu haihuwa, sai mutuwa ta ragu ƙwarai a ɗakinsa. Mu da addininmu ya gina salla a kan tsarki, mu ne muka fi cancanta da kada ungozoma ta taɓa mai haihuwa sai ta wanke hannu da sabulu, kuma kada a yi ƙunzugu da tsumma mai dauɗa, kada a cusa wani haɗi a gaban mai jego.

Alama ta huɗu, haki da ƙarancin numfashi, da kasa kwanciya sai an tokare ta da matasai, da tari cikin dare, da kumburin ƙafafu. Wannan alamar gazawar zuciya ce, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi samun wannan ciwo a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da likitocin zuciya na Kano suka jagoranta daga baya ya nuna cewa sabubban sun fi haka faɗi, akwai rama da hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyum a jiki. Duk da haka kanwa gishiri ce, kuma gishiri mai yawa yana tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya nauyi. Saboda haka a sassauta kanwa, a surka ruwan wanka, kuma wadda take da hawan jini ko kumburi ta nisanci kanwa gaba ɗaya. Ciwon yana iya bayyana makonni ko watanni bayan haihuwa. Idan kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana ciwo da zafi, ko aka ji sukar ƙirji farat ɗaya, to ana tsoron gudan jini ne a jijiya. Kada a murza ƙafar, a tafi asibiti.

Alama ta biyar, yoyon fitsari ko kasa yin fitsari, musamman bayan doguwar naƙuda. Kada a ɓoye, kada a jira. Idan aka je da wuri, sau da yawa robar fitsari da ake sa wa na 'yan makonni takan sa ƙaramar ɓula ta warke ba tare da aiki ba. Wadda kuma ta buƙaci aiki, akwai cibiyoyi irin asibitin Babbar Ruga da ke Katsina da suka daɗe suna wannan gyara.

Alama ta shida ta shafi zuciya da tunani. Ɗan kuka da ƙunci a kwanakin farko abu ne da aka saba, yana wucewa cikin mako biyu. Amma idan baƙin ciki ya zarce haka, ta daina cin abinci, ta ƙi jaririnta, ko ta fara sambatu, ta kasa barci sam, tana ganin abin da babu, ko tana ambaton kashe kanta ko cutar da ɗanta, to rashin lafiya ce mai magani. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kada a ɗaure ta ko a doke ta da sunan fitar da aljani, kuma kada a zarge ta da raunin imani.

Game da jariri kuwa, a gaggauta kai shi idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙwarai, ko yana numfashi da sauri, ko yana jijjiga, ko idonsa da jikinsa sun yi ɗorawa a kwanan farko, ko cibiyarsa ta yi ja tana wari.

YADDA ZA MU KOYAR

Muna da abin koyi a tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, su kuma suka riƙa kai ilimi ga mata 'yan taru har cikin ƙauyuka. Makarantunmu na matan aure suna iya yin irin wannan aiki a yau. Ga abin da muke ba da shawara.

Na ɗaya, a koyar tun kafin haihuwa, a wata na bakwai ko na takwas, domin mace mai fama da ciwo da rashin barci ba ta riƙe sabon darasi. Malamar da ta zo babin haila da nifasi ta haɗa da waɗannan alamomi shida, kuma a gayyato ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti ta yi bayani ta amsa tambayoyi.

Na biyu, kada a ce wa ɗaliba "kin gane?" domin kunya za ta sa ta ce ta gane. A ce mata: "Maimaita mini, idan kika ga mene ne za ki tashi mutanen gida?" Sai ta faɗa da bakinta sannan a tabbata ta riƙe.

Na uku, a koyar da waɗanda ke kewaye da ita: mahaifiyarta idan wankan gida ta je, da uwar mijinta, da abokiyar zamanta, da ungozomar unguwa. Wadda jini ya zube mata ko take jijjiga ba ta iya ceton kanta. Kuma a yi wa iyayenmu mata magana da ladabi, domin abin da suka gada suke yi da kyakkyawar niyya. Mu roƙe su su daina yaba wa mai haihuwar fari da cewa ba ta ko yi tari ba. Dauriya abin yabo ce, amma ɓoye alamar hatsari ba ya cikinta. Su riƙa tambayarta da kansu safe da yamma: yaya jinin, yaya kanki, yaya numfashinki?

Na huɗu, ya ku magidanta, wannan naku ne. Kowane miji ya furta a gaban mutanen gidansa tun kafin haihuwa cewa ya ba da izini, ko yana nan ko ba ya nan, dare ko rana, a fita da matarsa idan aka ga ɗaya daga cikin alamomin nan. Ya ware kuɗin gaggawa kafin ya sayi ragon suna, domin yankan suna sunna ce a kan mai hali, ceton rai kuwa wajibi ne. Ya ajiye lambar direba biyu, ya san asibitin da ke aiki da dare kuma yake ƙarin jini, ya san rukunin jinin matarsa.

Na biyar, wadda ta haihu a asibiti ta yi haƙuri ta cika awa 24 kafin ta nemi sallama. Wadda ta haihu a gida a kai ta a duba ta a cikin wannan awa 24 ɗin. Sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sake duba uwa da jariri a kwana na biyu zuwa na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na shida, ko da ba ta jin komai.

Na shida, kwamitin kowane masallaci ya buɗe ɗan asusun gaggawa, ya rubuta sunayen masu mota da suka yarda a tashe su cikin dare, kuma 'yan agaji su tsara jerin matasa masu lafiya da za su ba da jini tare da rukunin jinin kowannensu. Malamai sun halatta ba da jini domin ceton rai, kuma sadaka ce da talaka ma yake iya yi.

Ya 'yan uwa, muna roƙon kowane ɗayanmu kada ya kwana yau sai ya tuna wace mace ce mai tsohon ciki ko sabuwar haihuwa a gidansu ko maƙwabtansu, ya tabbata wannan bayani ya isa gare ta da masu kula da ita. Limamai su ɗauki maudu'in a huɗuba, malamai mata su sa shi a darasin wannan wata.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego lafiyar shayarwa, Ya raya abin da aka haifa a kan Sunna, Ya jiƙan matan da suka rasu a wannan hanya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.